Numfashin Inna

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram bayan an gama kai amfanin gona gida, daga Cadawa ya ratsa Agye har Gazawa, ya san ƙurar da nake nufi. Ba ta hunturu ba ce, ko da yake tare suke zuwa. Ƙurar haƙar aya ce. Za ka hango ta tsaye a kan gonaki nan da can, a ƙarƙashinta kuwa mutane ne a duƙe, galibinsu mata da yara. Ƙasarmu ƙasar aya ce. Buhunan da ake lodawa zuwa Najeriya, har da waɗanda ke tsallaka teku zuwa Sifen inda ake yin wani abin sha da ita irin kununmu, da yawansu daga wannan jigawa suke fitowa. Mai sayen ƙulli ɗaya a tasha bai san yadda aka raba ta da ƙasa ba. Sai ganyen ya bushe a sa masa wuta, a kafce ƙasar, a tara ta tsibi-tsibi, sannan a riƙa ɗiba ana tankaɗewa a rariya, ana sheƙewa a iska. Rairayi ya tafi, toka ta tafi, aya da tsakuwa su rage. Mai tankaɗen kuma ta shaƙi rabonta tun hantsi har la'asar, ba abin da ke tsakanin hancinta da ƙurar sai bakin kallabi.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi wannan aiki tun tana amarya a wani ƙauye kudu da Gazawa. Gonar ba tata ba ce, ta masu hali ce, su ke iya sayen takin zamanin da aya ke ci. Ita da sauran mata ƙwadago suke yi, a biya su da tiya. Da ladan tankaɗen nan ta sayi akuyarta ta fari, da shi ta fara tara mini kwanoni tun ban san mene ne aure ba. Ina tuna dawowarta da yamma, fuska furu-furu har gashin ido, in ta kakkaɓe zane sai mu yara mu ja da baya. Takan zauna bakin randa ta kurkure baki, ta fyace hanci, abin da ke fita baƙi ƙirin. Daga nan ba hutu, sai murhu.

Murhun ma da nasa labarin. Ina ƙarama aka yi farin 1984, yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A shekarun nan ba hatsi kaɗai ya yi wuya ba, har da itace. Gonaki sun zama fili fetal. Mata suka koma ƙona kara da kashin shanu da tumfafiya da tushiyar gero. Duk wadda ta taɓa hura wuta da kashin shanu mai sauran danshi ta san hayaƙinsa, mai nauyi ne, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ɗaki. Madafinmu kuwa ɗan ɗaki ne na laka, ƙofa ɗaya, ba taga, an gina shi haka don kada iska ta kwashi wuta ta kai kan danni da rumbuna. Rufinsa ya yi baƙi har kunkunniya na zubowa. Inna takan durƙusa ta kai baki gindin tukunya ta yi ta hurawa, ido na ruwa, goyo a baya. In ɗari ya shigo, a kai kaskon wuta ɗakin kwana, a saki asabari, ga fitilar aci-balbal tana nata hayaƙin. Haihuwa bakwai ta yi, kowace da wankan jego na kwana arba'in da wuta a ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Na faɗi wannan ne domin har yau, in aka ce ciwon huhu, hankalin mutane kan mashaya sigari yake tafiya.

Daga baya itatuwa sun dawo, da manoma suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona suna yi masa gyara maimakon tumɓukewa. Ɗan Saga, a ƙasar Agye, har baƙi ake kaiwa su gani. Amma kafin itace mai kyau ya wadata, ƙirjin Inna ya riga ya sha abin da ya sha.

Ciwon bai zo da sallama ba. Tari ne na asuba, irin wanda kowace mai girki ke yi, sai a ce sanyi ne, a dafa mata citta da kanumfari. A gidanmu ba da ranaku muka san tafiyarsa ba, da ayyuka muka san ta: wane aiki ya ƙwace mata bana, wane ya rage.

Rijiya ya fara ƙwacewa. Rijiyar garinmu ta haura gaba ashirin, mata biyu-biyu ke jan guga, hannu bi hannu. Inna ta koma tana sakin igiya a tsaka, ta dafa bakin rijiya tana haki. Ba wadda ta ce mata uffan, sai dai aka wayi gari kowace na neman wata abokiyar ja. Tsakanin rijiya da gida yashi ne mai cin ƙafa. Tulu cike ba ya saukuwa ya sake ɗauruwa sai da mai taimako, don haka in numfashi ya yanke mata sai ta tsaya cak da shi a ka, ta yi kamar wani abu take hange a nesa, har ƙirjin ya lafa.

Daka ya fi daɗewa a hannunta, domin a kansa ta yi gardama. A lokacin injin niƙa sai Gazawa, kuma ko da yana kusa, yinin mace a ƙasarmu a bakin turmi yake ƙarewa: sussuka, shiƙa, surfe, ribɗi, kirɓin fura. Shiƙa ce ta fi tayar mata da tari, ƙaiƙayin gero na shiga maƙogwaro ta yi ta yi har hawaye. In ana lugude ita ke ɓata kiɗan, ta yi sara uku ko huɗu ta jingine taɓarya. Sai da na girma na gane abin da ya sa taɓarya ta fi tafiyar ƙasa wahalar da ita. Mai irin wannan ciwo ƙananan hanyoyin iska na huhunsa sun ƙuntace, huhun kuma ya saki, iska ta shiga amma fitarta sai da ƙyar. Shi ya sa jiki ke aro naman kafaɗa da na wuya su taya shi numfashi. Da zarar an ɗaga hannu sama da abu mai nauyi, an janye masu tayin ke nan. Inna ba ta san wannan bayani ba, amma jikinta ya sani. Takan dafa bakin turmi da hannu biyu, ta sunkuyo kaɗan, ta tsuke leɓe tana fitar da iska a hankali, a hankali. Wannan tsayuwa da wannan tsuke baki su ne yau ake koya wa masu ciwon a asibiti.

Abokiyar zamanta, wadda mu yara muke kira Iya, takan miƙo hannu.

"Yaya, kawo taɓaryar nan, ki zauna ki sha iska."

"Bari, Amarya. Ranar da na kasa dakan furar Malam, ai sai ku haƙa mini rami."

Ranar ta zo, ba a haƙa ramin ba, kuma ta yi shekaru bayanta. Waɗannan shekaru su ne nake son mai karatu ya tsaya ya duba, domin mutuwa kowa ya san ta, amma zaman mace mai kuzari a tsakar gida tana kallon ana yi mata aikinta, wannan sai wanda ya gani.

A gidan mata biyu girki ba dafa abinci ne kawai ba. Mai girki ita ke da maigida a ranar, ita ke karɓar awo daga rumbu, ita ke rabon tuwo, ita ake nema in baƙo ya sauka. Matar da ta ajiye girki ta ajiye rabin matsayinta, kuma duk unguwa za ta sani. Da ya zama Inna ba ta iya shiga madafi sai ta fito tana neman faɗuwa, kowa ya zuba ido ya ga yadda za a yi. Abin da Iya ta yi har gobe ina jinjina mata. Ran girkin Inna sai ta shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ta ɓangaren da iska ba ta kawo hayaƙi. Ta kawo mata ƙwarya ta auna gari da hannunta. Ta kawo mata ludayin miya ta ɗanɗana, ta ce a ƙara daddawa ko a rage kanwa. In tuwo ya nuna, Iya ta tuƙa, ta sauko da tukunyar har gabanta, Inna ta riƙe mara ta yi rabo, ta Malam daban, ta yara daban, ta maƙwabciya mai jego daban. In wani ya yaba miya, sai Iya ta ce, "Ai girkin Yaya ne." Shekara da shekaru Iya na shan hayaƙin mutum biyu don kada a ce uwargida ta ajiye girki. Ana yawan ba da labarin sharrin kishiya, a wasan kwaikwayo da hirar tsakar gida. Ni abin da na gani da idona ke nan.

Daga nan ciwon ya gangaro kan abubuwan da lafiyayye ba ya ma ƙirga su cikin aiki. Wanka ya zama abin shiri tun safe: ɗaga ƙwarya a zuba ruwa a ka, cuɗa baya, ɗaura zane, kowanne sai an huta a tsakani. Ni ce ƴarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa saboda alkunya, sai ga shi ni ke shiga makewayi in riƙe mata ƙwarya. Takan kau da kai, ni ma in kau da nawa. Salla kuma ruku'u da sujada suka zama abin fargaba, domin in ta duƙa ciki ya danne ƙirji. Ta yi ta jurewa har wata magariba ta kasa ɗagowa sai da aka tallafe ta. Baba ne ya zaunar da ita ya ce addini ya yi sauƙi, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Ta karɓa, amma ba ta yarda a gan ta ba, sai ta shige ɗaki ta saki labule. Barci kuwa a zaune take yinsa, jingine da buhun gero da aka lulluɓa wa tsumma. Daga inda nake kwance ina jin ƙirjinta yana ƙara kamar zugazugin maƙeri da ya huje. A ƙarshen shekarun 1990 azumi ya faɗo tsakiyar ɗari, ga hazo ga bushewar maƙogwaro, majina ta kafe ta ƙi fita. Ta sha kuka kafin ta yarda ta ajiye azumi a ciyar a madadinta.

Tuwo ya gagare ta, domin in ciki ya cika numfashi ya ƙara matsewa, sai fura kurɓi-kurɓi. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Ita ce mai yi mana tatsuniya da dare, mai kwaikwayon muryar Gizo har mu yi ta birgima, sai maganarta ta gajarce ta koma kalma biyu, hutu, kalma uku. Dariya ma ta koyi danne ta, don takan juye ta zama tari.

Abin da ya fi yi mata ciwo, a ganina, yankewar zumunci ne. Suna a ƙauyen gaba, gaisuwar mutuwa, kai amarya, ranar kasuwar Gazawa, duk sai dai ta aika. A wurinmu kuwa aike ba ya maye gurbin ƙafa. Ga kuma zargi. Mace na tari shekara da shekaru tana ramewa, me mutane za su ce in ba tarin fuka ba? Masu sayen furarta suka janye ɗaya bayan ɗaya. In ta je gidan maƙwabta aka ba ta ruwa, tana lura da yadda ake ware moɗar a gefe. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta daina neman ruwa a gidan kowa.

An kai ta likita a kan amalanke. Aka ba ta ɗan gwangwani ta tofa kaki, aka duba, aka sake dubawa. Majo, mai duba marasa lafiya a likitar, ya ce, "Inna, ki gode Allah, ba ki da tarin fuka." Muka gode Allah. Ya rubuta mata maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta, muka dawo gida da hakin da muka tafi da shi. Ba na ganin laifin mutumin. Abin da ke hannunsa ke nan. Wannan ciwo ba a tabbatar da shi sai da wata ƴar na'ura da mutum ke busawa da ƙarfi ta auna iskar da huhu ke iya fitarwa, kuma ba a ajiye ta a likitar ƙauye. Daga baya wani ɗan uwa ya kawo mata ɗan famfon shaƙa na Ventoline daga Maraɗi. Ranar da ta fara shaƙa ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Sai aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, famfon ya koma abin da ake ɓoyewa a ƙasan adaka sai numfashi ya kai maƙura. Wasu kuma suka riƙa tsorata ta cewa wanda ya saba da shi ba ya rabuwa da shi, zancen da ba shi da tushe. A tsakani sai masu tallar magani a kasuwa, da ƙananan ƙwayoyinsu masu sa sauƙi na kwana biyu, su kumbura fuska, su raunana jiki.

Alamomin Inna duk na ciwon nan ne na toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wanda takardun likita na ƙasarmu ke rubutawa BPCO. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ya kashe mutum miliyan 3.23, shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya a shekarar. Ta kuma ce gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 3.2 a 2020. To amma dubi yadda aka tsara taimako a wurinmu. Mai tarin fuka ana ba shi magani kyauta na wata 6, kuma haka ya dace. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 gwamnati ta ɗauke musu kuɗin likita tun 2006, wannan ma alheri ne. Amma dattijuwar da aka duba kakinta ba a ga komai ba, ba ta cikin lissafin kowa. Ciwonta ba ya yaɗuwa, don haka ba mai tsoronsa. Ba ya warkewa, don haka ba mai alfahari da shi a rahoto. Wannan rashin adalci ne, kuma ya fi faɗawa kan matan da suka ciyar da gari.

Ko waɗanda suka warke daga tarin fukan ba duka ne suka tsira ba. Kawuna, a wani gari kusa da Tsibirin Gobir a ƙasar Gidan Runji, ladan ne. Ya sha maganinsa har ƙarshe, aka ce ya warke, kuma ya warke ɗin. Amma cutar takan bar tabo a huhu. Mutumin da ake jin kiransa har fadamar gulbi ya koma ba ya iya ja, sai ya yanke a tsakiyar kalmar shahada ya nemi iska. Da kansa ya miƙa wa wani yaro kiran salla, ya koma sharar masallaci, sharar ma ƙura ta hana shi. Noma kuwa ƴaƴansa suka karɓe hauya suka bar masa zuba iri a bayan mai sungumi.

Abubuwan da suka sauƙaƙa wa Inna ba masu tsada ba ne. Baba ya sa aka fasa taga a ɗakinta, aka daina kai mata kaskon wuta, aka ƙara mata bargo. Muka koyi yayyafa ruwa kafin shara. Aka sassaƙa mata ƴar kujera ta wanka, aka kafa randa a bakin ƙofarta. Ta koma yin aikin da ake yi a zaune, hannu a ƙasa: ɓarzar gyaɗa, tsince wake, saƙar faifai da kaba. Faifayin nan ƙanwata ke kai mata kasuwa, kuma ranar da aka kawo mata kuɗin cinikin farko ta ƙirga su ta sake ƙirgawa, ta ware dala biyar ta ce a kai wa Amarya ta sayi goro. A shekarunta na ƙarshe ƙafafunta suka kumbura, alamar zuciya ta gaji da tura jini cikin huhun da ya lalace. Ta rasu cikin ɗarin 2004. Allah ya jiƙanta, ya sa wahalar ta zama kankarar zunubi.

Abubuwa sun canza tun daga nan. Gazawa ta rabu da Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, a shekarar ce kuma matatar man Damagaram ta fara aiki, tukunyar gas ta fara yawaita a gidajen birni. Garinmu ya samu injin niƙa da famfon ruwa. Amma ana nan ana tankaɗe aya da bakin kallabi, ana nan ana tuƙa tuwo a kan duwatsu uku.

Yanzu Iya ce ke tari da asuba. Bara na lura tana tsayawa tsakanin ɗakinta da ƙofar gida, ta dafa danni, ta tsuke leɓe. Muka haɗa kuɗi da ƙannena muka saya mata ƙaramar tukunyar gas. Shayi da kunu kawai ake ɗorawa a kai, domin tukunyar tuwon gidan da ke ciyar da mutum ashirin ba ta zama a kanta, in kuma gas ya ƙare sai an aika gari. Mun rushe tsohon madafin, mun yi rumfa mai buɗaɗɗen gefe, mun sa an gina murhun laka mai rage cin itace, surukanta suka karɓi girki. Famfon shaƙa yana ƙarƙashin matashinta, kuma na nuna wa jikarta yadda ake huda gindin gorar roba a sa bakin famfon a ciki, don tsohuwa ta shaƙi maganin a natse ba tare da ya tsaya mata a baki ba. Na ce mata bayan sallar layya zan zo in kai ta Maraɗi a auna huhunta. Ta ce, "Ɗiyata, bari a gama shuka tukuna, wa zai tsare gida?" Na riga na yi magana da mai motar.